Jajayen da Na Ɗauke wa Kawu Mutari

Ni ne da laifi, kuma gara in faɗa tun farko kafin wani ya fara jin tausayina saboda wahalar hanya. Wahala na sha ta, amma da ƙafata na je na same ta. Na yi wa kawuna sata, na yi ƙarya da aikinsa, sannan na ɗauki abin da ban san ma'anarsa ba na kai shi ƙasar da ba shi da amfani.

Sunana Lawali. A Zango aka haife ni, cikin Damagaram, kuma karatuna na lakwal, wato boko, bai wuce aji shida ba. Kawu Mutari wan mahaifiyata ne, mai gyaran rediyo a wani shagon kwano bayan Kasuwar Dole. Shekara tara na yi a gefensa ina riƙe ƙarfen dalma. Gyaran rediyo ya mutu tun da salula ta cika gari. Abin da ya riƙe shagon shi ne wani ɗan akwati da Kawu yake yi wa masu gita.

Asalinsa daga Habu ne, mai kiɗan gita a bukukuwa. Wata rana amfilinsa, na'urar ƙara sautin gita, ya lalace ana tsakiyar biki, sauti ya riƙa fita a yage, kamar ana keta sabon yadi. Maimakon mutane su watse sai rawa ta ƙara zafi. Washegari Habu ya kawo amfilin ya ce Kawu ya gyara masa, amma ya ajiye masa ciwon a wani wuri inda zai iya taka shi da ƙafa duk lokacin da ya so. Kawu ya yi kusan shekara yana nema kafin ya samu. Masu kiɗa suna ce wa irin wannan akwati fedal, shi kuwa Kawu ya sa wa nasa suna Gurnani.

Masu zuba tukwanen alminiyum ke yin jikinsa, baduku ya rufe shi da jar fata. Cikinsa ba wani abu mai yawa: ƴan wayoyi, ƴan rezistans, pil ɗaya wato batir, da tiransisto biyu irin na rediyon zamanin da, kowanne kamar ƙwayar wake mai ƙafa uku. Kawu ƙwari yake ce musu. Ba a samun su a kasuwa. Fiye da shekara ashirin yana cire su daga matattun rediyoyin da ake kawo masa daga ƙauyuka, yana tarawa a gwangwanin madara. Kowanne ya ɗiga masa jan farcen ƴarsa Rakiya: wasu ɗigo ɗaya ja, wasu ɗigo biyu fari. Da yanar ido ta fara rufe masa gani, da farce yake shafa ɗigon ya gane wanne ya ɗauka.

Kusan duk shekara abin da nake ji shi ne, "Miƙo min ja biyu." Farare ba a cika taɓa su ba. Sai na yanke wa kaina cewa ja su ne masu kyau, farare kuwa na waɗanda suka cika ciniki ne. Ban taɓa tambaya ba. Da rana tsaka Kawu yake zama ya gwada ƙwarinsa, lokacin da kwanon shagon ke ƙara don zafi, ni kuwa a wannan lokacin ina ƙarƙashin bishiyar maina ta bakin titi ina dara.

Wani ya ɗauki Habu a bidiyo wajen biki a Zermu yana taka Gurnani. Bidiyon ya yi ta yawo har ya kai Wahran, can bakin teku a Aljeriya, hannun wani mai shagon kayan kiɗa da ake kira Karim. Ya bi ya bi har ya samu lambar Kawu. Ni nake karanta wa Kawu saƙo saboda idonsa, amma wannan ban karanta masa ba. Na amsa da tawa lambar, da guntun Faransancina, na ce ni ne mai yi. Karim ya ce Turawa suna neman irin wannan, in zo da su, in kuma ina da kayan ciki in taho da su mu buɗe aiki tare.

Na haɗa akwati shida a ɓoye. Na juye gwangwanin na tsince jajayen kaf, talatin da huɗu. Sha biyu suka shiga akwatunan, sauran na ƙulle a safa. Na bar wa Kawu farare, har ina gaya wa zuciyata ai ban bar shi hannu wofi ba. Bayan kaka ne, an gama cire gyaɗa. Na ce wa mutanen gida za ni Hamdara wajen wani abokina.

A Agadas kwana tara na yi ina jiran mota. Kullum direban ya ce gobe, gobensa kuwa ta fi igiyar rijiyar Damargu tsawo. Ranar da muka tashi mu ashirin da wani abu ne a bayan mota, ƙafafuwa a waje, jakata a cinya na rungume ta kamar jariri.

Bayan Arlit muka tarar da shinge. Wani mai kaki ya buɗe jakata, ya ga akwatuna masu maɓallin takawa, ga waya, ga pil. Sai ya ja da baya ya yi magana, nan take aka sauko da kowa aka zaunar da mu a kan yashi. Na ce masa kayan gita ne. Ya ce ina gitar? Ba ni da ita. Ya ce in an samo gita zan kaɗa ya ji? Na ce ban iya ba. Gaskiya ce kuwa, shekara tara ina haɗa kayan gita ban taɓa koyon kama tsirkiya ɗaya ba. Ya sa wuƙa ya ɓalle biyu daga ciki, ya tsinke wayoyin, ya duba, bai gamsu ba, ya riƙe su. Awa uku muka yi a rana saboda ni. Da muka koma mota ba wanda bai zage ni ba. Wata tsohuwa ƴar Kance da ke zaune kusa da ni ta ce, "Ɗan nan, ban taɓa ganin mai zuwa rijiya da guga shida babu igiya ba sai kai."

Kafin iyaka direban ya tsaya ya ce nan ne ƙarshen inda mota ke iya zuwa. Ya nuna mana wani tudu ya ce bayansa gari yake. Bayansa wani tudun ne. Tun hantsi muke tafiya har rana ta karkata. Ruwana ya ƙare da wuri saboda ban san yadda ake shan ruwa a hamada ba, na yi ta kwankwaɗa kamar ina gida. Tsohuwar nan da ta yi mini ba'a ita ce ta ba ni kurɓi biyu daga jarkarta, da dabino uku. Ba ta daina zagina ba tana ba ni.

Tamanrasat na yi wata biyu, don abin da na fito da shi ya ƙare. Na shiga shantiye, wurin gini, ina ɗaukar bulo. Shugaban aikin bai taɓa tambayar sunan kowa ba, duk baƙar fata suna ɗaya yake kiranmu da shi. Mu sha ɗaya muke kwana a ɗaki guda. A nan na san Gumar, wani Ba'abzine mai walda a shantiyen, yana jin Hausa kamar ni. Yana da gita da ƙaramin amfili, duk Juma'a bayan an sauko yana kaɗawa a tsakar gidansu.

Na kai masa akwati ɗaya ya gwada. Rana tana tsaka, muna zaune jikin bango mai ɗumi. Da ya taka maɓallin ya ja tsirkiya, Gurnani ya buɗe baki kamar yadda yake yi a hannun Habu. Maƙwabta suka leƙo. Gumar ya dube ni ya ce ashe malami ne ke ɗaukar musu bulo. Ban gyara masa magana ba. Har na ji daɗi, na ce a raina ga shi nan, ban yi kuskure ba da na fito.

Shi ne ya ga safar da nake ƙulle ƙwarin a ciki ya ce wannan wauta ce, shinge na gaba za a raba ni da su. Ya samo guntun fata ya ɗinke su ciki kamar laya, ya ɗaura mini a damtse. Ya ce ba mai kakin da zai buɗe layar wani, tsoro suke ji. Ya ciyar da ni ba sau ɗaya ba, kuma shi ya samo mini wuri a wani kamyo, babbar motar kaya, mai zuwa arewa. Na bar masa akwatin da ya gwada.

Kwana biyu kafin in tashi ya same ni a bakin aiki ya ce, "Lawali, akwatinka ba ya son safiya. Da safe tari yake yi, sai rana ta yi sama yake gurnani."

Na ce pil ne. Ya ce ya canza. Na ce to yatsunsa ne sanyi ya kama. Muka yi dariya. Allah ne ya aiko mini da gargaɗi ta bakin mutumin kirki, ni kuwa na mayar da shi wasa.

Kwana huɗu muka yi a saman kaya, mu uku, ƙarƙashin tamfol. Muka wuce In Salah, muka wuce Gardaya, kullum sanyi yana ƙaruwa. A wani wurin cin abinci na nemi ruwan zafi, mai wurin ya dube ni ya ci gaba da goge teburinsa kamar kujera ce ta yi magana. Na isa Wahran ana ruwan sama, irin wanda ba ya tsawa ba ya ɗaukewa. Sanyinsu ba irin namu ba ne da rana ke korarsa da hantsi. Wannan a ƙashi yake zama.

Shagon Karim na gilashi ne, gitoci a rataye jere kamar kilishi. Saurayi ne, bai kai yadda na zata ba, mai fara'a. Ya rungume ni yana ce mini metir, wato malamin sana'a. Ya juya akwatunan ukun da suka rage yana shafa fatar yana jinjina kai. Shagon ba abin ɗumama ɗaki, shi kansa da rigar sanyi biyu yake. Ya ɗauko gita ya haɗa ya taka.

Abin da ya fito ba zan manta da shi ba. Sautin ya yi tari, ya yanke, ya sake yin wani ɗan kuka kamar akuya mai mura, ya yi shiru. Muka gwada na biyu, haka. Na uku, haka. Na canza pil. Na roƙi ƙarfen dalma na sake bin kowane haɗi. Ba abin da ya canza. Karim ya kunna bidiyon Habu ya ajiye salular a gabana, ya tambaye ni ko wannan ne wancan. Na rantse masa shi ne. Ya ce to me ya same shi? Ni da na ce ni ne mai yi, na tsaya ina kallon wayoyi. Ban nuna masa layar ba. Ya ce in bar su zai sa a duba, in dawo bayan mako.

Makon ya zama uku. Duk zuwan da na yi sai ya ce mai dubawar bai zo ba. Na samu wasu ƴan Matamai da ke kwana a wani bene da ba a gama ginawa ba, suka matsa mini wuri a kwalinsu. Da safe muna sauke akwatunan kayan miya a kasuwa. A nan na san kewa. Ban taɓa zaton zan yi kewar ranar Damagaram da muke zagi kullum ba. Ga ruwa a famfo ba layi ba jarka, har ya yi yawa yana zuba daga sama, ni kuwa abin da nake so kawai in jingina da dutse mai zafi in sha fura. Ban kira gida ba ko sau ɗaya. Na sa a raina sai na yi abin nunawa.

Ranar da na koma karo na ƙarshe ban ma shiga ba na gan su. Akwatuna uku a jere bayan gilashi, an goge fatar tana sheƙi, an manna wa kowanne ɗan farantin tagulla mai sunan shagon Karim, ƙarƙashi an rubuta muryar sahara da Faransanci. Ya cire kayan cikin ya sa sabon allo irin wanda ake sayarwa a kwali. Ya ce mini ba ɓoye-ɓoye, jikin ne Turawa ke so, na cikin shara ne. Na ɗaga murya a shagon mutane, na ce ya saci aikin wani ya sa sunansa, ko kunya ba ya ji?

Bai ko fusata ba. Ya ce, "Aikin wa? Kai ko gyara shi ba ka iya ba."

Na tambaye shi ina kayan cikin, ya nuna bayan shago da haɓa. Na zagaya na tarar da babbar bolar layin, na zura hannu cikin garin kofi da ƙayar kifi, ruwa yana dukan bayana. Allo ɗaya na samu bai karye ba, da ƙwarinsa biyu a jiki, sai wani ƙwaro ɗaya maƙale a ɓawon lemo. Uku sun tafi. Ina tonon nan ina lissafi: huɗu a shinge, biyu wajen Gumar, uku a nan. Tara ke nan daga abin da Kawu ya yi shekara ashirin yana tarawa.

Na yi ta tafiya cikin lunguna ban san inda za ni ba, har na fake a wata rumfa. Sai na ji warin dalma mai narkewa. Wallahi warin shagon Kawu ne sak. Na leƙa. Wani tsoho ne da hular ulu da tabarau a ƙarshen hanci, yana gyaran rediyo a wani ɗaki da bai fi shagonmu girma ba. Ya ɗago ya gan ni jiƙe, bai tambaye ni takarda ba, bai tambaye ni daga ina ba, ya tura mini kujera da ƙafa kusa da ɗan murhun gas ɗinsa ya zuba mini kofi. Mutanen layin suna ce masa Ammi Bashir, ammi kuwa baffa ke nan a bakinsu.

Idonsa ya kai kan allon da ke hannuna. Ya karɓa ya sa gilashin ƙara girma, sai fuskarsa ta saki kamar ya ga abokin ƙuruciya. Ya ce rabonsa da irin waɗannan tiransisto ya manta. Na gaya masa abin da allon ke yi da abin da ya ƙi yi, da Faransanci da hannu. Ba shi da gita, sai ya bi da muryar ƙaramar rediyo ta cikin allon zuwa lasifika. Muryar mai labarai ta fito tana tari tana yankewa, kamar a shagon Karim. Tsohon ya saurara. Sai ya kama ƙwaro ɗaya tsakanin yatsa biyu ya riƙe. Muryar ta ɗan cika. Ya ɗauki allon ya kara shi kusa da murhu, muka jira. A hankali tarin ya tafi, muryar ta kumbura ta yage, Gurnani ya dawo a bakin mai karanta labarai. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

Ya yi mini bayani sannu-sannu don in gane. Wannan tsohon iri zafi yake bi. In ya ji zafi ya buɗe, in ya ji sanyi ya tsuke, kuma ba duka suke buɗewa daidai ba. Wanda zai yi aiki da su dole ya zaɓe su don yanayin da za a kaɗa su. Na farke layar na zuba masa sauran a tebur. Ya auna su ɗaya bayan ɗaya a na'urarsa mai allura. Allurar kusan wuri ɗaya take tsayawa kowane karo.

Ya ce, "Kai ka zaɓe su?"

Na ce ni ne. Har a nan, da kofinsa a cikina, sai da na yi ƙarya.

"To jan nan me yake nufi?"

Na ce mai kyau.

Ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe. Sannan ya ce, "Ɗana, ja zafi ne. Wanda ya zaɓi waɗannan ya zauna cikin wuta ya saurare su ɗaya-ɗaya. Akwai masu wani launi?"

Na ce akwai farare.

"Na sanyi ke nan. Da su ka zo da, da yanzu a shagon can ana ba ka kujera." Ya tattara ƙwarin da gefen hannu ya tura mini. "Shi kuma da wanne ka bar shi?"

Sai a lokacin na tuna cewa farare ba sa fitowa sai a watanni biyun nan na ɗari, kuma a watannin Kawu yakan riga ni zuwa shago tun da asuba, in zo in tarar ya gama wani aiki ya rufe gwangwani. Ni na ɗauka tsufa ne ke hana shi barci.

Mako biyu na yi ina juya salula a hannu kafin in kira Rakiya. Ba ta tambaye ni ina nake ba. Ta ce, "Yaya Lawali, ashe kana da rai." Sannan ta ba ni labari ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Zafi ya fara shigowa Damagaram. Ƙwaro ɗaya ya ƙone a Gurnanin Habu, ya kawo gyara. Kawu ya sa masa farare don su kaɗai ke akwai, ya ce masa ya riƙa kaɗawa da safe ko bayan rana ta faɗi, Habu ya ɗauka fitinar tsofaffi ce. Aka kira shi biki a Dogo. Bayan azahar ya taka akwatin a gaban jama'a, sautin ya narke ya zama wani zumɓuri kamar ƙudan zuma a tulu, daga nan ya mutu. Wani daga cikin taron ya ce ai dole, makaho ne ya haɗa masa, aka yi ta dariya. Habu ya dawo ya tsaya bakin shago ya faɗi abin da ya faɗa a gaban tela da mai shayin da ke maƙwabtaka da shagon. Kawu bai ce komai ba sai, "Idon ne, Habu, ka yi haƙuri."

Rakiya ta ce, "Ya san kai ne tun ranar da ya sa hannu a gwangwani. Ya hana ni faɗa wa kowa, har Innarka. Yanzu ba mai kawo aiki, amma kullum sai ya buɗe shagon ya zauna."

Daga ranar ba ni da wani buri sai in mayar da jajayen nan kafin zafi ya wuce, kuma in mayar da su talatin da huɗu. Ammi Bashir yana da tarin matattun rediyoyi a wani ɗaki, ya ce in tona. In na tashi daga kasuwa sai in zo in yi masa shara, in zauna ina cire ƙwari, ina ɗumama su a murhu, yana aunawa. Fiye da wata muna wannan. Wani ya mutu, wani ya cika buɗewa, wani yana hayaniya. Ko ɗaya bai tsaya inda jajayen Kawu ke tsayawa ba. Wata rana takaici ya sa na yi jifa da ƙarfen dalma. Tsohon ya ɗauko ya miƙo mini ya ce shi mutumin shekara nawa ya yi yana tarawa? Na ce ashirin. Ya ce to me ya sa nake fushi da wata ɗaya?

Shi ya sake ɗinke mini layar da zaren masu takalmi. Ya ce in na isa in gaishe da wanda ya zaɓi ƙwarin, in ce masa wani tsoho a Wahran ya ga aikinsa.

Ban ma yi masa sallama ba. Wata safiya muna sauke kaya aka zagaye kasuwar aka kwashe duk marasa takarda, ina ciki. Kwana da kwanaki a mota ana ta kudu da mu. An karɓe salulata da jakata. Wani ya taɓa layar da ke damtsena, ya tambayi na kusa da shi, ya janye hannu. Allah ya saka wa Gumar. Aka sauke mu a fili aka nuna mana hanyar Asamaka, garin bakin iyakarmu. A wannan karon na san yadda ake shan ruwa. Rana ta dake mu har fatar layar ta yi zafi tana ƙona ni, na ce wa ƙwarin a raina ku dai kun iso gida.

Sai da na yi makonni tsakanin Asamaka da Arlit da Agadas kafin in samu motar Damagaram. Na iso tsakiyar bazara, lokacin da ko kare ba ya tsallaka titi da rana. Ban fara zuwa gidanmu ba. Gidan Habu na nufa a Garin Malam. Ya amsa gaisuwata da ƙyar, ya tambaye ni ko Hamdara ta koma bayan teku ne. Na roƙe shi ya ɗauko Gurnaninsa ya biyo ni, akwai abin da nake so ya ji. Ya ce shi ya gama da shagon nan. Na ce ba gyara zan kai shi ba, shaida. Ya dube ni, ya ga yadda na koma, ya shiga ya ɗauko.

Kwanon shagon yana ƙara. Kawu yana zaune a inda yake zama, gwangwani a gabansa, ba komai a tebur. Ya rame. Na yi sallama, ya karkata kai.

"Lawali? Da rana tsaka? Mainar ta faɗi ne?"

Na durƙusa. Na sa haƙori na tsinke zaren, na kama hannunsa na juye masa su a tafi. Ya riƙa ɗaukar su ɗaya-ɗaya yana bin ɗigon da farce, leɓensa yana motsi. Tela ya bar kekensa ya matso, mai shayi ma ya zo ya tsaya a bakin ƙofa bayan Habu. Gaisuwar Ammi Bashir tana bakina, amma ba ita ce farko ba. Na jira har ya kai na ƙarshe, ya sake lalubar tafinsa ya ji ba saura.

Na ce, "Kawu, ni na ɗauke su. Talatin da huɗu na sata, ashirin da biyar na dawo da su. Tara sun salwanta a hannuna, na nemi madadinsu ban samu ba. Na ce wa mutane ni ke yin Gurnani, alhali ko ma'anar ja ban sani ba. Habu, ka ji da kunnenka, ku ma ku ji: ba idonsa ba ne. Ni na bar shi da na sanyi a bakin bazara, ya rufa mini asiri ya ɗauki zagin da yake nawa. Kawu, don Allah ka yafe mini. In ka yarda in sake zama a shagon nan, a wannan lokacin zan riƙa zama, nan kusa da kai, har ka koya mini sauraro."